Fatawa a Kan Jakar Goyo

Wata sabuwar ɗabi'a ta ɓullo a tsakanin ma'aikatan ofis na Abuja da Jos da Kaduna, wato su yi sammako ran Asabar su nufi dutse su hau, ba don farauta ko neman magani ba, sai don su kai ƙololuwa, su ɗauki hoto, su sauko suna haki. Ba mu ga aibin wannan ba, tun da likitoci sun yi ittifaƙi a kan fa'idar motsa jiki. Mas'alar da ta ɗaure mana kai ita ce ta jakar goyo.

Sai ka ga bawan Allah wanda tafiyarsa ba ta kai a yi mata kasaru ba, kai, ko da Dutsen Dala ne ma, wanda aka yi wa matakala har bisa, ya shiga gwanjo ya zaɓo jaka mai cin lita 70, irin wadda Turawa suka ɗinka domin masu mako guda cikin ƙanƙara; kuma da yake jaka ba ta kyau a hoto in cikinta a yamushe yake, sai ya ɗura mata bargo, da kular abinci, da turare, da kaftanin canji, har da lasifika. Ruwan sha kuwa, wanda shi ne farilla, sai an kai tsakiyar hawa ake tuna an baro shi a mota.

Alhali kuwa masana wannan fanni sun warware hukuncin tuntuni. Tafiyar wuni guda lita 20 zuwa 30 ta wadatar, ta kwana ɗaya ko biyu kuma 30 zuwa 50. Kayan wuni kada su zarce ushurin nauyin mai ɗauka, na kwana kada su zarce humusi, a kuma tuna kowace litar ruwa kilo guda ce. Da tsawon gadon baya ake gwada jaka, daga wuya zuwa ƙugu, domin ɗamarar ƙugu ita ce ke sauke nauyi daga kafaɗa ta ɗora wa kwankwaso. Amma Alhaji sai ya bar ɗamarar tana reto, saboda in ya ɗaure za ta tona asirin tumbi.

Kafin hantsi ya dubi ludayi, za ka tarar jakar tana kan wani yaron ƙauye, mai ita yana biye yana salati, Bafulatani kuma ya wuce su duka da sandarsa da gorarsa. Sai an isa sama ake karɓar jakar, a goya, a yi murmushi.

Saboda haka ga abin da muka gani. Wanda ya nufi Chappal Waddi a Taraba, mai tsayin mita 2,419, babbar jaka ta halatta gare shi. Mai hawa Dutsen Kufena ya sauko kafin azahar kuwa makaruhi ce a kansa, in kuma ya ƙi ji, to wajibi ne ya sallami yaron kafin a ɗauki hoto.