Masu Rawar Kai a Garejin Zuru

Bakaniken babur a Zuru ya san halin mutane ciki da bai, kuma a kan rawar kan babur ya koye shi. Yawanci ciwon ɗaya ne, boris ɗin wuya ya cinye. Masu kawo ciwon ne iri-iri.

Ɗan kabu-kabu mai musu shi ke sammako. Boxer ɗinsa lafiya lau, in ji shi, hanyar Ribah ce ta lalace. Yana da rabin gaskiya, don dukan ramuka ne ke sa ƙwallayen boris su tona gurbi a mazauninsu. Sai bakanike ya kafe babur a ƙafar tsakiya, yaro ya danne baya har tayar gaba ta tashi, a juya kai a hankali hagu da dama. Yana zuwa tsakiya sai ya maƙale, ƙat. A kama ƙafafun shoka a ja gaba, a tura baya, ƙwas-ƙwas. Mai musu ya kalli sama ya ce, "Wallahi da safe ba ya yi."

Tsohon soja kuwa, irin waɗanda Zuru ba ta taɓa rasawa ba, umarni ya zo bayarwa.

"Kai yaro, ɗaure notin nan!"

"Baba, in ya yi tauri babur zai riƙa saƙa da kai."

"Ni da na yi Laberiya a 1990 za ka koya wa ƙarfe? Ƙara!"

Aka ƙara. Kai ya sandare, Baba ya nufi Dabai yana auna faɗin titi, ƙirji a gaba.

Akwai mai lodi: buhun dawa uku a baya, uwargida a bisa, akuya a cinyarta. Tayar gaba da ƙyar take gaisawa da ƙasa, ina kai ba zai yi rawa ba? Boris ɗinsa garau. A ce ya sauke buhu ɗaya, sai ya nemi wani gareji.

Mai zargin sammu ya ɗaura laya biyu a madubi, ya ma san maƙwabcin da ya yi masa. Aka taɓa taya, iska rabi.

Wanda ya fi cin rai shi ne Alhaji A-sa-giris. Ya yarda boris ya mutu, kuɗin ne bai yarda da su ba. Giris ba ya cike rami a jikin ƙarfe, an faɗa masa. To a canza ƙwallayen kawai, in ji shi, a bar mazaunin. Sababbin ƙwallaye su faɗa tsohon gurbi, kafin bikin Uhola sai ga shi ya dawo yana cewa an cuce shi.

Duk wannan a gaban mutumin kan benci ake yi, wanda ko keke bai mallaka ba. Tun daga nesa yake yanke hukunci: "Fulogi ne."