Sholay da Tafintocin Benci

Ka tambayi dattijon Kano da ya ci kuruciyarsa a silimar Plaza ko El Dorado fim ɗin da ba shi da na biyu, kafin ka rufe baki zai ce Sholay. Tun 1975 wannan fim ɗin Indiya ya fito, tsawonsa ya haura awa uku, amma har gobe akwai masu sake kallonsa da fatan wannan karon jarumi Amitabh ba zai mutu ba.

A zamanin ba fassarar Hausa, sai dai kowane benci da tafintansa. Gabbar Singh, shugaban 'yan fashin fim ɗin, zai yi dogon jawabi yana zare ido, tafinta ya gyara hula ya ce, "Cewa ya yi za su gane kurensu." Ba mai musu, tunda harbi ne ke biyo baya.