Minti Biyar Ne Daga Bakin Titi

Mu Kanawa da zarar yaro na biyu ya fara rarrafe a ciki da falon haya sai zancen sayen gida ya taso, kuma ƙaryarmu duk iri ɗaya ce. Tambayi maigida wace unguwa yake so, zai gyara zaman hula ya ce shi dai inda akwai ruwa da wuta da makarantar kirki. Lissafin da ke ransa kuwa nisan gidan surukai ne. Kada a yi kusa har Hajiya ta riƙa leƙowa da ƙafa bayan la'asar, kada kuma a yi nisa har uwargida ta ce an kai ta daji an yar. Ita ma da nata ma'aunin: ina gidan yayarta, kuma in biki ya tashi a cikin gari Adaidaita Sahu nawa za ta hau.

Daga nan sai mu faɗa hannun dillali, mutumin da a bakinsa duk gidan duniya minti biyar ne daga bakin titi. Bai yi ƙarya ba, a babur ya auna, da rani, bayan sallar asuba. Mu ma da ranin muke zuwa gani, ƙasa ta bushe ƙayau, layi fes. Ga dakalin maƙwabta an ɗaga shi har gwiwa, ga buhunan yashi sun yage a bakin ƙofa, ga zanen da ruwan bara ya bari a jikin katanga, amma mu idonmu na kan tayil da silin, muna ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki muna cewa wannan 'yar Turkiyya ce. Ranar da ruwan Agusta ya sauka, yara suka tafi Islamiyya a kafaɗa, dillali ya daɗe da karɓar la'adarsa hannu biyu, ta mai saye da ta mai sayarwa, wayarsa kuma kullum tana kashe.

A majalisa kowa cewa yake shi sai awon gwamnati, mai takardar da za a kai KANGIS a duba. A faɗi kuɗin kuma ka ji murya ta yi laushi: ai awon igiya ma da albarkarsa, tun da mai unguwa ya sa hannu ga shaidu. Araha dai ba ta ado. Layin da aka yanka da ma da ƙyar mota ke wucewa, sai wannan ya ci taku biyu ya yi dakali, wancan ya fito da ramin masai waje, mu kuma mu tsaya muna Allah wadai da rashin tsari, ƙafarmu ɗaya a kan barandar da muka ƙara makon jiya.

Sunan unguwa kuwa jan sa muke yi kamar roba. Wanda ya wuce Danbare ya wuce Rimin Gata zai ce maka yana nan wajen BUK. Na Mariri ɗan Hotoro ne in ana rubuta katin ɗaurin aure. Wanda ya bar Naibawa a baya da nisa sai ya ce titin Zariya, ya yi shiru, kai ka ƙarasa da kanka. Lokacin da gwamnatin Kwankwaso ta gina rukunin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo tsakanin 2011 da 2015, mu ne muka taɓe baki muka ce wa zai kai iyalinsa wannan uwa duniya. Yanzu wasunmu sai sun wuce su kafin su karya kwanar gida. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa, rangwamen da aka samu a fuloti mota ke cinye shi a hankali. Mai shago a Kwari ko Singa ya fita yara na barci, ya dawo sun koma, ranar Juma'a su yi ta kallonsa suna tuna inda suka san shi.

Ruwan da muka ce shi ne sharaɗi na farko, 'yan garuwa ne ke turo shi a kura, har mun san su da suna. Wuta kuma muna alfahari layinmu na Band A ne, sai takardar KEDCO ta iso mu fara tambayar kuɗin sola a ɓoye.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne duk mun ce hayaniyar cikin gari muka gudo, muna son yara su tashi inda ake jin kukan tsuntsu. Kafin fenti ya bushe mun fasa katanga mun fitar da shago biyu, ɗaya mai markaɗe, ɗaya mai cajin waya da janareto. Mun kira ƙani ya sayi kangon da ke gefe, mun yi wa abokin aiki hanyar na baya, uwargida ta jawo ƙawarta, ita kuma ta zo da mai kitso da mai awara. In aka shekara biyar sai ka same mu a kan tabarma bayan magariba muna cewa unguwar nan ta cika, ba irin da ba ce, wani a cikinmu har ya fara tambayar nawa ake sayar da fuloti a Janguza.