Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Haidirokwinon

Malam Haidirokwinon,
Cikin kwalbar man bilicin,
Babbar Kasuwa, Gusau.

Ina fatan kana lafiya, ko da yake waɗanda ka shafa ba su da ita.

Malam, na binciko asalinka. Ashe tsohon yaron masu hoto ne kai, a ɗaki mai duhu kake wanke fim. Yanzu ka ci gaba, fuskar mutane kake wankewa. Likita kan rubuta ka don tabo, na ɗan lokaci, amma a nan Furfuri tun daga sa rana ake lafta ka har daren kai amarya.

Sana'arka hana fata yin launinta, wato ƙwace laimar da Allah ya ba mu, a ƙarƙashin ranar Zamfara ta watan Afrilu! Wadda ta daɗe da kai kuwa, tukwicinta baƙin tabo a kumatu, wanda ya fi na da duhu. Gaɓoɓin yatsu ne kawai suka ƙi yi maka mubaya'a, su ke tona asiri wurin karɓar canji.

Ga ka da gayya. Ɗanka Arbutin, da ake talla da sunan salihi, ashe kai ne aka liƙa wa sukari. In ya lalace, kai yake komawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masu haɗi kuma su zubo zaiba mai cin ƙoda, da sitiroyid mai mayar da fata kamar ɓawon albasa.

Tarayyar Turai ta kore ka daga kayan kwalliya tun 2001, Ghana ta bi sahu a 2016, NAFDAC ta ayyana bilicin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Mu da gubar dalma ta kashe wa yara sama da 400 a 2010, wai mu ne ke sayen guba da kuɗinmu!

Sai dai gaskiya ɗaya ce, Malam: ba kai ka kawo kanka ba. Mu maza muka ce fara ko mayya ce, mu muka sako ka cikin akwatin lefe. Ɓarawon da maigida ya buɗe wa ƙofa, wa zai yi wa ihu?

Uwargidana na gaishe ka. Ta ce baƙinta na gado ne, ba ya ƙarewa balle a aiki yaro ya sayo wani.

Naka,
Wani magidanci,
Furfuri, Bunguɗu.