Jirgin Kawu da Zakaran Sarkin Ruwa

Duk Keffi an san Kawu da gyaran janareta. Shekara talatin ke nan yana rumfa ɗaya, kuma karatun da yake biya wa yaransa bai taɓa canzawa ba: inji abu uku yake ci, mai da iska da wuta, wanda ya samu ukun nan bai tashi ba to aljani ne. Da wannan karatu ya aurar da 'ya'ya huɗu. Da shi kuma ya kai mu bakin Binuwai muka wuni muna zufa a gaban jama'a.

Jirgin na biyan bashi ne. Wani ɗan kwangila a Abuja ya tara kuɗin gyara har ya rasa ta cewa, sai ya nuna wa Kawu wani farin jirgi mai kujera biyar da ke kwance a bayan gida. Kawu ya jawo shi har Keffi, garin da babban ruwansa shi ne Antau, wanda da rani akuya ke tsallakewa ba ta jiƙa gwiwa ba. Jirgin ya shekara biyu a gindin mangwaro. Kaji sun yi ƙwai a ciki, yaran unguwa kuma sun je Makka da shi sun dawo sau ba adadi.

Abin da ya hana Kawu barci shi ne jirgin ba shi da farfela. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinsa, bai ga komai ba sai wata taga mai ƙarafuna a jere, a baya kuma baki kamar na famfo. Sai da ya bi ta ciki da tocila ya gane dabarar: injin ban ruwa ne aka ɗora wa kujeru. Yana zuƙo ruwa ta tagar ƙasa, wata fanka a cikin bututu ta matse shi, ta feso shi ta baya da ƙarfi, jirgi ya yi gaba. Wani manomi ɗan ƙasar New Zealand, Bill Hamilton, shi ya gyara wannan dabara a wajen 1954, don kogunan ƙasarsu ba su da zurfi, duwatsu na cinye farfela. Da na karanta wa Kawu wannan a waya, ya buga cinya ya ce ai Binuwai da rani aka yi wa jirgin nan, lokacin da yashi ke tasowa tsakiyar kogi manyan jirage na kafewa.

Nan ya yanke shawara: za mu Loko, ya fara jigilar fasinja zuwa Oweto a jihar Binuwai. Na tuna masa cewa tun watan Mayun 2023, a makonsa na ƙarshe kan mulki, Buhari ya buɗe gadar Loko zuwa Oweto mai tsawon kusan kilomita biyu. Ya ce gada ta masu jin tsoron ruwa ce.

Ranar tafiya, matar Kawu ta ce ba a zuwa wurin manya hannu rabbana, ta kamo jan zakara a kai wa sarkin ruwa. Ni aka ba ɗaurin ƙafa. Na duba ban ga tsumma ba, sai na hango wata jar igiya mai lanƙwasa kamar wayar tarho ta da, tana reto kusa da sitiyarin jirgin, da ɗan roba a bakinta. Na fizge ta. Ban taɓa ganin abin da ya dace da ƙafar zakara kamarta ba.

Muka ɗaura tirela a bayan a-kori-kurar haya, muka bi ta Nasarawa, garin Makama Dogo, muka gangara kudu. Loko tsohuwar mashiga ce, fatake sun daɗe suna ƙetarewa a nan. A 1894 Baturen nan Charles Robinson, wanda daga baya ya rubuta ƙamus na Hausa, a Loko ya bar ruwa ya kama hanyar ƙasa ta Keffi da Zariya zuwa Kano. Shi ya bar jirgi a kogi ya nufi Keffi. Mu muka ɗauko jirgi daga Keffi muka nufi kogi, kuma na tabbata an fi kallonmu.

A gaɓa jiragen katako ne jere, dogaye, kowanne da injin Yamaha maƙale a baya. Muka gai da sarkin ruwa, wani tsoho mai ƙarancin magana, muka ajiye zakara a gabansa. Ya sa albarka, ya tambayi rigunan ruwa, ya tuna mana hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare. Kawu ya ce, "Baba, ai kafin azahar mun je mun dawo sau uku."

Aka tura jirgi ruwa. Kawu ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli.

Ƙat. Ƙat. Ƙat.

Bakanike ya san wannan ƙarar kamar tarin ɗansa. Sitata na neman wuta, wutar ba ta isa. Ya buɗe murfin inji, sai ga kawunan batir sun yi tsatsa fara da kore kamar an barbaɗa kuka. Ya aika aka samo ruwan zafi wurin mai shayi, ya jefa kanwa, ya zuba, abin ya yi kumfa, ya goge da samfefa. Ya ɗora mita. Lafiyayyen batir yakan nuna 12.6, namu ko 11 bai kai ba. Aka shiga lallashin direban a-kori-kura, da ƙyar ya yarda ya ciro nasa, bisa sharaɗin minti goma.

Aka murɗa. Wannan karon ko ƙat ɗin babu. Kawu ya bi fis ɗaya bayan ɗaya, ya bubbuga sitata da sifana. Can wani yaro mai tallan gyaɗa da ya ɗare gefen jirgi ya jingina da hannun totur, hannun ya koma tsakiya, sai inji ya juya. Ashe tun a gindin mangwaro matafiya Makka suka tura shi gaba, jirgin kuwa an yi shi ne kada ya tashi sai hannun na tsakiya, don kada ya zabura da mutane. Kawu ya ce dama can nan zai duba. Ya sayi gyaɗar naira ɗari biyu.

Yanzu inji na juyi amma ba ya kamawa. 'Yan kallo suka fara ba da fatawa. Wani ya ce a tura shi kamar mota. Wani ya ce ruwan nan yana da masu shi, sai an yanka wani abu. Zakara daga inuwa ya yi cara.

Kawu ya koma karatunsa. Mai. Ya zare tiyo ya tsiyaya a gorar ruwa, ya ɗaga ta sama jama'a su gani. Fetur ɗin ya yi ja kamar shayi, yana warin fenti, a ƙasansa kuma ga ruwa ya kwanta yatsa biyu. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka gindin tanki yake taruwa, daidai inda inji ke sha. Damina biyu ta shiga tankin nan. Muka zuƙe shi tas, ni da tiyo a baki, har yau in na yi gyatsa ina tuna Loko. Aka sayo jarka biyu wurin 'yan bumburutu a farashin da ya sa Kawu salati. Tun cire tallafin mai a 2023 babu mai zubar da fetur yana dariya.

Iska. Ya buɗe ya ciro sheƙar ɓera da ɓawon ƙwai. A nan ne sarkin ruwa ya sa baki daga inda yake zaune: a bar murfin a buɗe iska ta ratsa kafin a murɗa, tururin fetur ƙasan jirgi yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya isa. Kawu ya amsa da "Haka ne, Baba," irin amsar likitan da majinyaci ya gaya wa magani.

Saura wuta. Ya kwance fulogai, sun yi baƙi sun jiƙe. Ya gasa su, ya kankare, ya mayar. Shiru. Sai ya juyo gare ni.

"Ɗana, riƙe wayar nan."

"Kawu, ba a jingina ta da jikin inji ne?"

"Hannu ya fi faɗin gaskiya. Riƙe."

Na rufe ido na riƙe. Ya murɗa. Ban ji komai ba, na yi hamdala, shi kuma ya yi tagumi. Babu wuta ko ɗigo. Ya fara lissafin kuɗin kwayil da na motar zuwa Legas nemo shi. La'asar ta yi, minti goman direba ya zama awa huɗu.

Sarkin ruwa ya taso a hankali, ya leƙa gefen sitiyari, ya ɗora yatsa kan wani ɗan maɓalli.

"Malam, ina igiyar nan?"

"Wace igiya, Baba?"

Tsohon ya nuna injin jirginsa. Akwai irinta a jiki, ja, mai lanƙwasa. Direba kan ɗaura ta a hannu, robar bakinta kuma tana maƙale a maɓallin. In ya faɗa ruwa, igiya ta fizge, wuta ta yanke, jirgi ya tsaya maimakon ya yi ta gudu ba matuƙi ko ya zagayo ya bi ta kansa. Muddin robar ba ta wurin, inji zai yi ta juyi har batir ya mutu, fulogi ba zai ga wuta ba.

Ban ce komai ba. Idona ne ya ci amanata, ya tafi inuwa. Idon Kawu ya bi shi, na tsoho ya bi na Kawu, na jama'ar Loko suka bi baya. Zakara na kwance da makullin jirgi a ƙafa.

Ina kwancewa ya tashi sama, ya bi ta kan masu kifi, ya shige gari. Kyautar sarkin ruwa ke nan. Amma da aka maƙala robar, murɗa ɗaya inji ya ɗauka da ruri, gaɓa ta kaure da tafi.

Tsohon na ɗaga hannu yana cewa a tura shi inda ruwa ya kai ƙugu tukuna, Kawu ya ɗauka bankwana ne, ya ɗaga masa shi ma. Irin wannan jirgi da inji ya tashi fankar ta fara zuƙa, kuma ba ta zaɓe. Mun yi gudun da hular Kawu ta tafi, na kamar minti biyu. Daga nan inji ya ci gaba da ihu, jirgi ya ƙi gaba, wata ƙara ta fara tsuwa. Tagar ƙasa ta toshe, ruwan da ke sanyaya inji kuwa ta nan yake shigowa. Kawu ya kashe, ya zare jar igiyar da hannunsa ya sa a aljihu, ya dube ni.

Na shiga ruwa har wuya, ni da ban taɓa wuce Antau ba. Na zaro ledojin fiya wata, da kainuwa, da silifas ƙafa ɗaya. Guntun taru kuwa ya naɗe can ciki inda hannu ba ya kaiwa. Aka murɗa, batir ya ce ƙat. Ruwa ya fara tafiya da mu yamma, direban a-kori-kura na bin gaɓa da gudu yana ihun batirinsa zai tafi Lokoja.

Yara biyu ne suka cece mu a ƙaramin kwalekwale, ɗaya da gora ɗaya da filafili. Suka ɗaura mu da igiyar taru suka ja, motoci na wucewa can kan gada, fasinjoji na ɗaukarmu a waya. Kuɗin jigila ɗaya tak aka biya a harkar Kawu ranar, kuma shi ya biya.

Sha ɗayan dare muka shiga Keffi. Matar Kawu ta kawo tuwo, ta dubi rigata da ke ɗigar ruwa, ta dubi kan mijinta ba hula, sannan ta tambaya ko sarkin ruwa ya ji daɗin zakaran.

Kawu ya kai loma, ya nuna ni da haɓa. "Tambayi ɗanki," ya ce. "Shi ya san inda ya kwana."