Mutanen Ranar Ƙaura

Alƙalin ƙaura shi ne daren farko a sabon gida. Mota ta sauke kaya ta tafi, 'yan dako sun karɓi haƙƙinsu, magariba ta kawo kai, sai maigida ya tambayi buta. Buta kuwa tana ƙasan wani buhu, an danne ta da turmi, an jingina katifa a kai. Sirrin shirya kaya bai wuce abu biyu ba: abin da za a fara nema ya shiga mota a ƙarshe, kuma a sami mutum ɗaya da ya san inda komai yake. Mai shakka ya dubi jami'o'in Amurka, inda ƙungiyoyin ƙwallonsu, irin wadda ake runguma a ruga da ita, ke yin ƙaura sau biyar ko shida a kakar wasa guda. Ƙungiya tana da 'yan wasa wajen 100, kowa da hular kwanonsa da sulken kafaɗarsa da takalmansa, ga kayan likitoci, ga na'urorin magana na masu horarwa, har ƙwallayen da za su buga da su. Tirela guda ake cikawa, kuma ba a taɓa ɗage wasa don hular wani ta ɓuya a ƙasan akwati.

Babban abokin gabar wannan tsari shi ne Malam Sai-Gobe. Wata uku da suka wuce aka ba shi wa'adi, amma kwalin farko sai da direban akori-kura ya danna hon a ƙofar gida ya fara nemansa. Hujjarsa ita ce duk abin da ke gidan ana amfani da shi, yaya za a ɗaure? Hujjar tana da ƙafa ɗaya. Su ma 'yan wasan suna atisaye har jajiberin tafiya, amma motarsu ba ta jiran su. Tun da wasu jami'o'in gabar yammacin Amurka suka shiga gasar Big Ten a 2024, ƙungiyar Jami'ar Washington ta je har New Jersey buga wasa da Jami'ar Rutgers, tafiyar da ta haura kilomita 4,000, a ƙasar da doka ta hana direban babbar mota tuƙin da ya wuce awa 11 bai huta ba. Dole abin da ba a buƙata sai ranar wasa ya kama hanya tun farkon mako. Haka ma bargon sanyi a watan Afrilu da kwanukan da ba a taɓawa sai da salla, babu abin da ya hana su kwana a ɗaure tun sati biyu. Shi Malam Sai-Gobe yana da ƙane, Mai Ƙaurar Dare, wanda sai maƙwabta sun tashi sallar asuba su ga gida wayam, mai gidan haya na salati. Wannan ma Amurkawa sun riga shi: a Maris na 1984 ƙungiyar ƙwararru ta Colts ta loda komai nata a motocin kamfanin Mayflower cikin dare, ta bar Baltimore zuwa Indianapolis, mutanen gari suna barci.

Sai Hajiya Kar-a-Yar, wadda ita ce ta fi cancantar a saurare ta da kyau. Tana da murfin tukunyar da tukunyar ta fashe tun kafin a yaye autanta, da rediyon da ba ya magana, da gwangwanayen madara da aka wanke aka jera, da takalmi ƙafa ɗaya, ko Allah zai sa ɗan'uwansa ya dawo. Ka miƙa hannu ga ɗaya, ta ce: "Ajiye min, wata rana zai yi rana." Masu kare ta za su ce ai ma'aikatan kayan ƙungiyar ƙwallo sun fi ta tara tarkace, kuma gaskiya ne. Suna ɗaukar rigunan ruwa ko sama ba hadari, da kayan sanyi, da takalman ciyawa da na filin roba, da akwatuna cike da ƙusoshi da maɗaurai don gyara hula a tsakiyar wasa. Bambancin shi ne idan maɗaurin hula ya tsinke, kafin a ƙirga goma an zaro wani daga aljihun akwatin da aka san yana ciki. Hajiya kuwa ranar da abin zai yi ranar, sai an zazzage jaka bakwai, a ƙarshe a aika yaro kasuwa ya sayo sabo.

Sarkin Ƙarfi ba ya ɗaukar lokaci. Ya tuɓe riga, ya sungumi duk abin da idonsa ya fara gani ya jefa mota, madubi a ƙasa, injin markaɗe a sama. Kusa da shi Mai Lodi da Baki yana tsaye a inuwa, hannu a baya, yana ta "a hankali dai, ku karkato shi", bai ɗaga ko cokali ba, kuma shi zai fara tambayar ina abincin ma'aikata.

Wanda kowa ke jin haushinsa shi ne Malam Takarda. Yana yawo da maka da salatif, yana rubuta wa kowane kwali lamba da ɗakin da zai shiga, yana hana a loda wata ƙaramar jaka da ya rungume. Ana masa kallon mai ɓata wa mutane lokaci. Amma a jakar nan akwai buta da darduma, ashana da tocila, cajar waya, maganin hawan jinin Baba, gidan sauro, kofuna, kayan makarantar yara na gobe, da takardun gida da rasit ɗin haya. Za a ce jami'o'in Amurka kuɗi gare su da ma'aikata, talaka ina ya ga wannan? Kuɗin ya saya musu tirela da akwatuna masu taya, wannan ba musu. Sai dai yawancin masu naɗe riguna da ƙirga huluna ɗalibai ne 'yan taimako, kuma makaminsu jerin kaya ne a rubuce. Lokacin da ƙungiyoyin jami'o'in Georgia Tech da Florida State suka tsallaka teku suka buga wasa a Dublin a Agustan 2024, jami'an kwastan takarda suke dubawa, ba su tambayi wa ya fi ƙwanji ba. Fallen takarda da biro kuwa ko a jakar ɗan firamare akwai su. Iyakar aibin Malam Takarda, idan aka yi rashin sa'a, shi ne ya ninke takardar da kyau, ya saka ta a kwali mai lamba 1, ya manne, Sarkin Ƙarfi ya jefa shi can ƙuryar mota.