Yadda Na Yi Wa Bindiga Ƙafafu Don In Harbi Kurege

Duk wanda ya ce kurege ƙaramar dabba ce, bai taɓa shuka gyaɗa a ƙasar Malumfashi ba. Mu a Dayi Allah ya ajiye mu a mararraba: hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Malumfashi, a nan take rabuwa, ɗaya ta yi Gwarzo ta shiga Kano, ɗaya ta bi Gidan Mutum Ɗaya ta nufi Katsina. Da kaka motocin masara da dawa da waken suya da auduga ba sa yankewa. Sai dai kafin buhu ya hau mota sai iri ya tsira, kafin iri ya tsira kuma sai kurege ya amince.

Bana na ce ni ma zan yi noman zamani. Na sayo irin gyaɗa na SAMNUT, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Zariya take fitarwa, na biya kuɗin da har yau uwargida ba ta san adadinsu ba. Ruwan shuka ya sauka, muka bi kunya da sungumi, ni da yara. Da gari ya waye na je duba gona, sai na tarar an riga ni. An bi layi rami bayan rami an tone, an cinye, an bar mini jar fatar gyaɗa a bakin kowane rami a matsayin rasit. Yarana da nake ciyarwa sukan tsallake rami wajen shuka, amma shi wannan bawan Allah ko ɗaya bai tsallake ba wajen tono.

Na sake shuka, na kafa mutum-mutumi a tsakiyar gona. Na sa masa tsohuwar babbar rigata, na kifa masa ƙoƙo a matsayin kai, na ɗora masa hula. Da rana ta take na dawo, na iske kurege zaune a inuwar rigar yana cin irina a tsanake. Rumfa ke nan na yi masa.

Daga nan na wuce gidan mijin yayata, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. Yana da bindigar iska wadda yake korar ɓeraye da hasbiyoyi da ita daga rumbunsa, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, a cusa 'yar dalma mai faɗin milimita 4.5, a mayar a rufe. Ba ya nan, ya tafi ɗaurin aure Kano. Na ce wa Yaya ai mun riga mun yi magana da shi. Kuma gaskiya na faɗa, mun sha yin magana da shi, ba dai a kan bindiga ba.

A bayan gida na fara gwaji, na lura da wani abu da ban taɓa sani ba game da kaina: hannuna yana rawa. In na ɗaga bindiga na saita gwangwanin madara, sai bakinta ya riƙa zagaye gwangwanin yana gaisawa da maƙwabta. Da dare na sa data na shiga YouTube, inda na ga Turawa kwance rub da ciki a kan ciyawa, bindigoginsu na tsaye a kan wasu 'yan ƙafafu biyu na ƙarfe, suna harbi ba ko gezau. Na ce ashe sirrin ke nan. Ba jarumta suka fi mu ba, ƙafa suka fi mu.

Da sassafe na je wurin wani mai walda a bakin titi, na zana masa abin a ƙasa da tsinke. Ya duba ya ce, "Malam, na injin ban ruwa ne?" Na ce na bincike ne. Ya yanko rodi irin na ginin bene, ya haɗa biyu, ya yi musu maƙali da noti. Da na ɗaga na ji nauyi, sai ya ce ai abu mai nauyi shi ne mai ƙarko. Na kawo gida na ɗaure su tamau a jikin bututun, can kusa da baki.

Matsala ta farko ta bayyana wajen ɗanawa. Tunda bututun ake karyawa, ƙafafun kuma a jikinsa suke, ina karyawa sai suka yi lilo suka sauka a kan ƙwaurina. Na yi salati, na zagaye tsakar gida da ƙafa ɗaya. Uwargida ta leƙo daga madafa, ta ga abin da ke hannuna, ba ta ce uffan ba, ta tattara yara da awaki da kaji ta rufe, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, in ka gama ka yi mana sallama mu fito."

Na ɗora gwangwani a gindin katanga, na kwanta, na kafa ƙafafun a kan daɓen siminti, na danne gindin bindiga a kafaɗa da duk ƙarfin da tuwon dare ya bar mini. Wallahi saiti ya tsaya cak, babu rawa ko kaɗan. Na ja kunama. Gwangwani na nan lafiya lau. Na sake, ƙura ta tashi a saman katanga. Na sake, sai na ji ƙwas daga hagu, can inda ko kallo ban yi ba. Randar uwargida ce, wadda ta zo da ita tun kayan aure. Wani siririn ruwa ya fara tsartuwa daga cikinta yana yin baka, yana sauka daidai cikin takalmina. Na toshe hujin da sabulu, na yanke hukunci cewa tsakar gida ta yi ƙunci, iska na juyawa a ciki. Irin wannan na'ura fili take so.

Da asuba na naɗe bindiga a buhun taki na ɗaure a bayan babur. Na isa gona rana ba ta fito ba, na zaɓi kwarin kunya mai kallon ramin kurege, na kwanta, na kafa ƙafafu a kan wani falalen dutse don su samu wuri mai tauri. Na tuna karatun YouTube: ka ja numfashi, ka saki rabi, ka riƙe, sannan ka matsa kunama a hankali, kada ka fizge ta.

Can sai ga mutumin ya fito. Ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya baza jela, ya dube ni ido cikin ido. Na ja numfashi, na saki rabi, na riƙe. Sai ya matsa taku biyu. Na bi shi da saiti, rodi ya ƙi juyawa, sai da na ja jikina gaba ɗaya. Ya sake matsawa. Ni kuwa ina nan riƙe da rabin numfashin nan, don ba a faɗa a bidiyon abin da mutum zai yi da shi ba in abin harbi ya ƙi tsayawa. Idona ya fara ganin taurari da safiyar Allah.

A daidai lokacin ne na gane cewa kwarin kunyar da na zaɓa yana da masu shi. Cinnaku ne, gari guda. Sun shiga ta ƙafar wando, sun bi hanya ba tare da sun taɓa ni ba har sai da kowa ya kama wurinsa, sannan aka ba da umarni. Na saki numfashi da ihu da kunama a lokaci ɗaya.

Kurege ko kunne bai kaɗa ba. Amma can tsakiyar gona ƙoƙon kan mutum-mutumi ya yi tsalle, ya faɗo shi da hularsa, ya gangara cikin kunya. Babbar riga ta tsaya babu kai.

Ashe wani yaro mai kai wa babansa fura gona yana kan hanya, ya ga komai: mutum kwance da bindiga mai ƙafafu, ga kuma wani dattijo a tsaye an cire masa kai. Ya yar da kwanon fura ya zura da gudu cikin gari.

Ba na ganin laifin kowa a kan abin da ya biyo baya. Wanda ya san halin da kudancin Katsina ya shiga a shekarun nan, daga Faskari zuwa Ƙanƙara da Sabuwa, har gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, ya san ba a wasa da labarin bindiga a bayan gari. Kafin in ankara matasan sintiri na unguwarmu sun zagaye gona da gorori da adduna. Suka same ni tsaye a bayan wata 'yar bishiyar kalgo, wando a hannu, ina kakkaɓewa. Babbansu ya daka tsawa, sannan ya ƙura mini ido ya ce, "La ilaha illallahu! Baba, kai ne?" Ɗan abokina ne, ni na raɗa masa suna. Ya ce in yi haƙuri in sa wando, amma tunda gari ya riga ya tashi, dole a je gaban mai unguwa.

Muka tafi a jere: ni a gaba, wani ɗauke da bindiga, wani ɗauke da ƙoƙo da hula a matsayin shaida. A ƙofar gidan mai unguwa na iske rabin Dayi, har da Kawuna, tsohon maharbi wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a daji da bindigar toka, da kuma mijin yayata wanda saukarsa ke nan daga motar Kano.

Mai unguwa ya ce, "Malam, ina takardar wannan abu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ta iska ce." Mijin yayata ya zaro lasisi daga aljihu, ya ce dokar makamai ta Najeriya, tun ta 1959, ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi ake riƙewa, kuma sunansa ne a jiki, ba nawa ba. Sannan idonsa ya sauka a kan rodin. Ya yi shiru har na fara tausaya masa.

Da ya samu bakin magana, sai ya mayar da zauren aji. Ya ce a cikin irin wannan bindiga akwai ƙaƙƙarfan sifirin. In an ja kunama, sifirin ya ingiza fistin gaba, bindiga ta zabura baya. Fistin ya daki iskar da ya matse, ta sake zabura gaba. Duk wannan tsalle-tsallen yana faruwa ne dalma tana cikin bututu ba ta fita ba. In ka ɗora ta a kan ƙarfe da dutse ka danne, kowane harbi da irin tsallen da za ta yi, dalma kuma ta tafi inda Allah ya nufe ta. Ga shi na rataya nauyi a kan bututun da yake da gaɓa. Ƙafafun da na gani a bidiyo, in ji shi, na bindigogin da ake cika wa iska a tulu ne, waɗanda ba sa zabura. Ita wannan shimfiɗa ta ake yi a kan buɗaɗɗen tafin hannu, a wuri ɗaya kullum, a bar ta ta yi motsinta, kuma kada a ɗaga kai sai dalma ta isa. Ya ƙara da cewa a gasar Olamfik, inda aka shigar da harbin bindigar iska a 1984 a Los Anjalas, a tsaye ake harbi daga mita 10 ba tare da madogara ba, kuma ɗigon tsakiya rabin milimita ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a tambaye shi, takardar da suke harbi tana matsawa taku biyu? Akwai cinnaku a filin?"

Kawu ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce su a zamaninsu gwafa suke sara a daji su kafa, amma ba sa ɗora bindiga a kan itace tsirara, sai sun sa hannu ko tsumma a tsakani, kuma kafin maharbi ya kwanta sai ya duba ƙasa. Ya nuna ni da sanda ya ce, "Kai yaro, ƙafa biyu ka yi mata, ta ukun kai ne. To ta ukun ce gurguwa."

Aka kwance rodi. Mijin yayata ya sa aka kori yara gefe, aka ajiye ƙoƙon shaida a gindin katanga, ya shimfiɗa bindiga a tafinsa, ya ja numfashi ya saki, ƙwas, ƙoƙo ya dare biyu. Jama'a suka ɗauki sowa. Ni dai na lura cewa ƙoƙon ya riga ya tsage tun a gona, kuma kowa ya san wanda ya fara samunsa, daga nesa, ba tare da ya ko kalle shi ba.

Mai unguwa ya yanke hukunci: bindiga ta koma hannun mai ita, in biya furar yaro da kwanonsa, in sayi goro in ba 'yan sintiri na wahalar gudu, gyaɗa kuma in samu yara su yi mini tsaro safe da yamma har ta tsira, yadda kowa ke yi.

Na dawo gida da rodi a kafaɗa, na tarar sabulu ya narke, tsakar gida ta zama fadama. Uwargida ta karɓi ƙafafun ta jujjuya su, ta gwada tsayar da su suka faɗi. Ta miƙo mini ta ce, "Malam, ka mayar wa mai waldan ya ƙara ta uku, ya yi mata zobe a sama. Sabuwar randar da za ka sayo ranar kasuwa tana bukatar mazauni."